Mintunan da ke Bayan Aiki: Yadda Maganaɗisu ya Auna Tsokar Wata Yarinya a Filadelfiya

Ciwon ya fara ne tana da shekara 9. Yarinya ce a Amurka, kuma alamar farko ba ta wuce abin da kowace uwa za ta iya ɗauka kasala ce ba: saurin gajiya, da tsokar da ta ƙi ɗaukar aikin da sa'o'inta ke yi ba tare da sun ji komai ba. Shekara na bin shekara, raunin na ƙaruwa. Lokacin da ta kai 17 tana hannun likitan yara Neil Buist da masaniyar sinadaran jiki Nancy Kennaway a jami'ar kiwon lafiya ta jihar Oregon da ke birnin Potland. Rahotannin da suka fitar ba su ambaci sunanta ba, haka ƙa'idar aikin likita take.

Jininta ne ya fara tona asiri. Sinadarin laktet, wanda a jikin lafiyayyen da ke zaune bai cika wuce 2 ba a ma'aunin asibiti, a jikinta yana yawo tsakanin 3 da 18. Lafiyayye sai ya yi gudun ceton rai yake kaiwa kusa da 18. Da aka yanko ɗan ƙaramin naman tsokarta aka rina shi aka duba a madubin likita, sai aka ga wasu zaruruwan tsokar sun yi ja a gefe kamar yagaggen ƙyalle. Wannan jan tarin mitokondiriya ne, wato ƙananan ɗakunan da ke cikin ƙwayar jiki inda ake ƙona abinci da iskar oksijin a samar da kuzari. Idan suka gaza, ƙwayar tsoka takan yi ta ƙera wasu a kan wasu, yawa ya ƙaru, aiki bai ƙaru ba.

A cikin bangon mitokondiriya akwai jerin tashoshi huɗu da ke miƙa wa juna ilektron, wato ƙanƙanuwar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, kamar yadda leburori ke miƙa wa juna kwanon kankare daga ƙasa zuwa saman gini. Ilektron ɗin daga abinci yake fitowa, ƙarshen tafiyarsa kuma oksijin ne. A kan hanya tashoshi uku daga cikinsu, ta ɗaya da ta uku da ta huɗu, suna tura wata ƙanƙanuwar ƙwaya mai caji da ake kira furoton zuwa wajen bangon, kuma dawowar furoton ɗin ce ke juya injin da ke ƙera ATP, sinadarin da tsoka ke kashewa duk sanda ta motsa. Tare da Victor Darley-Usmar da Roderick Capaldi na Jami'ar Oregon, likitocin sun nuna a 1983 cewa tasha ta uku ce ta lalace a tsokar yarinyar. Wani sashen tashar, furotin da ake kira sitokurom b, ya yi ƙaranci ƙwarai, wasu sassan tashar su ma sun ragu. Ilektron ya zo nan ya cije. Tsoka kuwa ba ta jira, sai ta koma ga hanyar da ba ta buƙatar oksijin, ta farfasa sukari rabi da rabi, laktet ya yi ta taruwa.

A wancan zamanin, idan an kai nan an kusa kaiwa ƙarshen abin da likita ke iya yi. An san sunan gadar da ta karye. Abin da ya rage shi ne a gwada magani, kuma a nan matsala take: ta yaya za a gane ya yi aiki? A tambayi marar lafiya, ta ce ta ji sauƙi? Duk wanda ya shekara takwas yana fama, aka ba shi sabon magani da fatan alheri, zai iya jin sauƙi ko da garin alli ya sha. A sake yanko tsoka? Ba a yanka mutum kowane mako, kuma naman da aka ciro ya rabu da jini da numfashi, ba ya faɗin abin da tsoka ke yi a cikin mai rai. Wannan ne ya sa aka nufi Filadelfiya, ɗakin binciken Britton Chance a Jami'ar Fensilbeniya, inda ake auna kuzarin tsoka da na'urar maganaɗisu ba tare da yanka ba.

Chance mutum ne da ya kamata a ɗan tsaya a kansa. An haife shi a 1913, ya ci lambar zinariya a tseren jirgin ruwa mai filafili a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, kuma a tsakiyar shekarun 1950 shi da G. R. Williams suka nuna cewa sinadarin ADP, wato ragowar ATP bayan an kashe shi, shi ne ke kiran mitokondiriya su ƙara wuta. Wancan aikin a kwalabar gwaji ya yi shi. Yana gab da shekara 70 ya koma neman hanyar ganin abu ɗaya a cikin gaɓar mutum mai rai.

Randa da mai ɗebo ruwa

Kafin a fahimci abin da na'urar ta gani, sai an san yadda tsoka ke tafiyar da kuzarinta, domin duk dabarar awon a nan take.

ATP ɗin da ke cikin tsoka kaɗan ne. Da shi kaɗai za a dogara, daƙiƙu ƙalilan na aiki mai tsanani sun isa su cinye shi. Amma idan aka auna, sai a tarar da ƙyar yake raguwa ko ana tsakiyar aiki. Dalili shi ne akwai ma'ajiya a gefensa, sinadarin fosfokiriyatin, wanda ake taƙaitawa PCr, kuma yawansa ya kai kamar ninki huɗu na ATP. Da zarar an kashe ATP ya zama ADP, nan take PCr ya ba shi fosfet ɗinsa ya koma ATP. Saboda haka idan tsoka na aiki, ATP na nan inda yake, PCr na sauka, fosfet ɗin da aka saki, wanda ake kira Pi, yana hawa.

A ɗauki ATP a matsayin moɗar da ke hannun mai shan ruwa, PCr randa ce, mitokondiriya kuma mai ɗebo ruwa daga rijiya. Moɗa kullum a cike take muddin akwai ruwa a randa, don haka duba moɗa ba ya gaya maka komai. Duba randa ana tsakiyar sha shi ma bai wadatar ba, domin ana ɗiba ana zubawa a lokaci guda, kuma akwai wani mai kawo ruwan na biyu, wato hanyar farfasa sukari ba tare da oksijin ba. Ba za ka iya raba hannun wannan da na wancan ba. Amma a ce kowa ya ajiye moɗa, mai kawo ruwa na biyu ya tafi gida, ka tsaya da agogo kana kallon yadda randa ke cikowa. Saurin cikowar nan ƙarfin mai ɗebowa daga rijiya ne shi kaɗai.

Haka abin yake a tsoka. Da an daina motsi, buƙatar ATP ta faɗi warwas, hanyar sukari ta lafa cikin daƙiƙu kaɗan, sai mitokondiriya su ci gaba da aiki har su mayar da PCr matsayinsa. An tabbatar da wannan tun kafin maganaɗisu ya shigo lamarin. A 1976 Roger Harris da Eric Hultman da abokan aikinsu a Sitokholm sun riƙa ciro tsokar cinya da allura bayan motsa jiki, suka ga idan aka ɗaure cinya da robar awon jini har jini ya daina shiga, PCr ba ya dawowa ko kaɗan, sai an kwance. Babu oksijin, babu cikowa. To ga shi awon ba ya buƙatar a san nauyin da mutum ya ɗaga ko girman tsokarsa ko ƙwazonsa. Ba a tambayar yadda aka zubar da ruwan randa. Wannan, a ganina, shi ne kyawun dabarar: marar lafiyar da ba ta iya aikin kirki ba a buƙatar ta yi aikin kirki, ta ɗan motsa kawai sannan ta huta, a hutun ne ake karanta ta.

Abin da maganaɗisu ke ji

Wanda ya taɓa shiga na'urar MRI ya san ramin da ake tura mutum ciki da ƙarar da take yi. Waccan tana sauraron haidurojin da ke cikin ruwan jiki ne ta zana hoto. Wannan awon, da ake kira MRS, yana amfani da irin maganaɗisun, amma fosforas yake saurare, kuma ba hoto yake bayarwa ba, layi ne mai tsaunuka. Tsakiyar ƙwayar zarrar fosforas tana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. A cikin filin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5, wanda ya ninka na duniya kamar sau 30,000, idan aka buga mata igiyar rediyo mai kusan megahaz 26 sai ta amsa. Amsar takan ɗan karkata gwargwadon sinadarin da fosforas ɗin ke zaune a ciki. Na cikin PCr da muryarsa, na cikin Pi da tasa, ATP kuma yana ba da tsaunuka uku saboda fosfet uku gare shi. Faɗin kowane tsauni shi ne yawan sinadarin.

Akwai kyauta ɗaya a ciki. Tsaunin Pi yakan matsa kusa da na PCr idan tsoka ta yi tsami, ya yi nesa idan tsamin ya ragu, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu tana ba da ma'aunin tsamin cikin ƙwayar tsoka, wanda a hutu yake kusan 7.0. Shi kuwa ADP ya yi ƙanƙantar da ba a ganinsa, lissafo shi ake yi daga sauran.

Tarihin gajere ne. A 1974 David Hoult da George Radda da abokansu a Oksfod suka fara ganin waɗannan tsaunuka a tsokar ɓera da aka ciro ɗungurungum. A 1980 aka fito da ɗan zoben wayar da ake ɗorawa a kan fata ya saurari naman da ke ƙarƙashinsa. A 1981 mutanen Oksfod suka sa hannun wani mutum a maganaɗisu suka ga tsokarsa ba ta yin tsami duk aikin da ya yi, alamar cutar McArdle, wadda ke hana tsoka buɗe ma'ajiyar sukarinta. Maganaɗisun lokacin bakinsu ƙunci ne, hannu ko ƙafa kaɗai ke shiga. Lokacin da yarinyar Oregon ta zo, dabarar duka ba ta fi shekara uku da fara taɓa marasa lafiya ba.

Awon farko

Chance ya fi son duba PCr da Pi tare, ya raba na farko da na biyu. Dalilinsa a fili yake: ɗaya na sauka ɗaya na hawa, don haka rabon ya fi saurin nuna canji, kuma ba sai an san ainihin yawan kowanne ba.

An fara auna ta tana hutawa. Rabon ya fito tsakanin 1.3 da 1.5. Na wata budurwa lafiyayya da aka auna don kwatance kusan 8.6 ne. A lafiyayyen mutum sai yana aiki mai nauyi ake ganin wannan adadi ya gangaro kusa da 1. Wato tsokar yarinyar nan, ba ta ɗaga komai ba, tana cikin halin wanda ke tsakiyar dako. Randarta ba ta taɓa cika ba. Abin da ake kira hutu a wajenta, mitokondiriyarta na kokawa ne su biya kuɗin zaman kawai, ADP ya taru yana ta kiransu, su kuma ba su da abin ƙarawa. Duk wanda ya ga wannan adadi ya daina mamakin yadda aikin da bai taka kara ya karya ba ke kayar da ita.

Sannan aka sa ta motsa tsokar, ta tsaya, aka bi saurin farfaɗowar rabon. Kashi 2.5 cikin 100 na saurin lafiyayye. Wannan na nufin jinkiri ninki 40. Don a ji nauyin abin, a kimanta cewa lafiyayyar tsoka na mayar da rabin abin da ta kashe cikin rabin minti. Mai jinkiri ninki 40 sai ta yi minti 20 kafin ta kai nan. Ka hau bene hawa ɗaya, ka zauna sulusin awa kana biyan rabin bashin.

Kewaye gadar

Maganin da aka gwada ba gyara ba ne, kewayawa ce. Masu aikin mitokondiriya a kwalaba sun daɗe da sanin cewa idan aka toshe tasha ta uku da guba, ana iya zuba wasu ƙananan sinadarai da za su karɓi ilektron a gabanta su tsallaka da shi su sauke a bayanta. Biyu daga cikin irin waɗannan an riga an san su a matsayin bitamin: menadiyon, wato bitamin K3, da bitamin C. Tunanin shi ne K3 ya karɓi ilektron kafin tashar da ta lalace, shi da bitamin C su isar da shi ga sitokurom c, ɗan furotin da ke kai ilektron daga tasha ta uku zuwa ta huɗu, daga nan tasha ta huɗu ta miƙa wa oksijin kamar kullum. Gada ta karye, an sa kwalekwale.

Kwalekwale ba ya maye gada gaba ɗaya. Daga furoton 10 da jerin ke turawa a kan kowane ilektron biyu da suka shigo ta tashar farko, 4 aikin tasha ta uku ne, kuma wanda ya kewaye ta ya yi asarar nata kason. Amma ga wadda ke kan kashi 2.5, samun wani abu ya fi tsayuwa cik.

Aka ba ta, aka mayar da ita maganaɗisu. Saurin farfaɗowa ya ninka sau 21, ya kai kashi 56 cikin 100 na budurwar da aka kwatanta ta da ita. Mai son lissafi zai ninka 2.5 sau 21 ya samu 52 da ɗoriya, ba 56 ba, amma a awon da ake yi ta cikin fata ba a rigima kan tazarar maki uku ko huɗu. Scott Eleff da Kennaway da Buist da Chance da sauran abokan aikin suka buga sakamakon a mujallar kimiyya ta PNAS a 1984. Akwai jimla guda a rahoton da na fi girmamawa: sun faɗa da bakinsu cewa ta samu ƙarin ƙarfin yin harkokinta, amma bai kai girman canjin da na'ura ta nuna ba. Mutumin da ya ga ninki 21 a takardarsa yana da duk uzurin da zai sa ya yi shiru a kan wannan.

Marar lafiya ɗaya, awo kafin magani da bayansa, ba hujja ce mai ƙarfi ba, su ma sun sani. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi ya zo a 1986, a rahoton da Zohar Argov ya jagoranta daga ɗakin binciken Chance. Bayan shekara guda tana shan maganin, sauƙin na nan. Aka janye bitamin ɗin, ta koma baya. Aka mayar, ta farfaɗo. Aka ninka K3, aka ga ƙarin ci gaba, musamman a awon hutu. Wannan kunnawa da kashewa shi ne iyakar abin da za a iya yi da mutum ɗaya, kuma ba zai yiwu ba da a ce kowane zagaye sai an yanki nama. Sa rai na iya sa mutum ya ce ya ji sauƙi, yana ma iya sa shi ya ƙara ƙoƙari wajen motsi, amma ba shi da iko da saurin da PCr ke dawowa a tsokar da ke kwance.

A nan sai in yi wa mai karatu na gida gargaɗi, domin na san yadda kalmar bitamin ke sa mutane sakin jiki. Menadiyon ba abin wasa ba ne. Hanyar da yake bi yana ɗaukar ilektron yana saukewa ita ce kuma ke haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayar jini. Mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman a tsakanin maza, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa da shi, kamar yadda ƙwallon kafur da ake sa wa a kayan jarirai ke jawo wa jarirai masu wannan ƙarancin ciwon shawara. Saboda irin wannan illa aka bar ba jarirai K3 aka koma K1.

Abin da awon bai iya faɗa ba

Labarin ya bazu, aka fara ba masu cututtukan mitokondiriya haɗin bitamin iri-iri. A 1993 Paul Matthews da Douglas Arnold da abokansu a Montiriyal suka bi marasa lafiya 16 masu irin waɗannan cututtuka daban-daban, suka ba su sinadarin Q10, wanda ke kai ilektron zuwa tasha ta uku, tare da K3 da C da wasu bitamin na rukunin B, suna aunawa da hanyoyi da dama. Ba a samu ci gaban da ya tabbata ba, ko a rukunin gaba ɗaya ko a mutum guda. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna, ta yi a 2012 ita ma ba ta samu hujja bayyananniya ga kowane magani a waɗannan cututtuka ba. Wannan bai ƙaryata abin da aka gani a Filadelfiya ba. Kwalekwalen an yi shi ne don gada ɗaya tak, kuma yawancin masu cutar mitokondiriya ba a nan tasu ta karye ba.

Shi kansa awon yana da iyakoki da wanda zai karanta sakamakonsa ya kamata ya riƙe. Na farko, randa na iya jinkirin cika ba don mai ɗebowa ya gaza ba, sai don hanyar rijiya ta toshe. Mai toshewar jijiyoyin jinin ƙafa da mai ciwon zuciya sukan nuna jinkirin dawowar PCr saboda oksijin bai isa ba, kuma layin da na'ura ke zanawa bai bambanta wannan da wancan. A 1999 Luke Haseler da Michael Hogan da Russell Richardson sun nuna cewa a jikin mutanen da suka saba motsa jiki, ƙara oksijin a iskar da suke shaƙa na gaggauta dawowar, rage shi na jinkirta ta, alhali mitokondiriyar ba su canja ba. Na biyu, tsami. Idan aka matsa wa tsoka har tsaminta ya yi yawa, dawowar PCr takan yi nawa ko a jikin ɗan tsere. Shi ya sa a yau ake tsara motsin ya zama gajere, ya rage PCr da kamar sulusi zuwa rabi ba tare da ma'aunin tsami ya gangara ƙasa da kusan 6.8 ba. Na uku, rashin motsi shi kansa yana rage mitokondiriya, don haka wanda ciwo ya kwantar zai nuna jinkiri ko da asalin ciwon ba nasu ba ne. A lamarin yarinyar nan jinkirin ya yi girman da babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana shi, ga kuma naman tsoka ya riga ya nuna inda matsalar take. Hujjojin biyu ne suka jingina da juna.

Yadda ake yin awon yanzu ya fi na wancan lokaci tsafta. Mutum na kwanciya gaba ɗaya a na'ura mai tesla 3, a ɗaura masa zobe a sha-raɓa ko cinya, ya riƙa taka wata feda da aka ƙera ba da ƙarfen da maganaɗisu ke ja ba. Kowane daƙiƙu kaɗan ana ɗaukar layi ɗaya. Dawowar PCr takan fara da sauri ta riƙa lafawa, sai a ciro lamba guda daga lanƙwasar, wato lokacin da ake ɗauka a mayar da kashi 63 cikin 100 na abin da aka kashe. A lafiyayyen matashi yakan kama wajen rabin minti, a masu tseren dogon zango ya fi haka gajarta. Duk da haka awon bai zama na yau da kullum ba ko a manyan asibitocin Turai da Amurka. Muryar fosforas ba ta kai kashi 7 cikin 100 na ta haidurojin ba, kuma na'urar MRI ta asibiti ba ta jin ta sai an ƙara mata zobe da kayan rediyo na musamman.

Harafi ɗaya

Maganaɗisu ya faɗi yadda tsokar ke aiki, bai faɗi abin da ya lalata tashar ba, kuma a 1984 babu mai iya faɗa. Shekara uku kacal ke nan da Frederick Sanger da mutanensa a Kambirij suka karanta DNA ɗin mitokondiriyar ɗan Adam, haruffa 16,569, wanda mutum ke gada daga uwa kaɗai. Sai a 1988 aka fara danganta cuta da kuskure a cikinsa. Tasha ta uku tana da sassa 11, kuma guda ɗaya ne cikinsu, sitokurom b, ake rubuta umarninsa a wannan ƙaramin DNA. Sauran goman daga babban DNA na tsakiyar ƙwaya suke.

Yarinyar ta girma, cutar ba ta tsaya a tsoka ba. Sannu a hankali alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa suka bayyana. Bitamin ɗin sun taimaki tsokar da aka auna, ba su hana wannan ba, kuma babu wani abu a layin 1984 da zai yi hasashensa.

Kennaway da Buist ba su saki lamarin ba. A shekarar 2000, tare da Andrew Keightley da wasu, suka buga abin da suka samu da suka sake bincikar ta. A gurbi na 15242 na DNA ɗin mitokondiriya, harafin G ya zama A, kuma wannan canjin ya sa alamar tsayawa a tsakiyar umarnin sitokurom b. Furotin mai amino asid 380, wato tubalan da ake gina furotin da su, sai ya yanke, 215 na ƙarshe suka ɓace. Nan aka gane abin da ya ɗaure kai a 1983, wato dalilin da ya sa sassa da yawa suka yi ƙaranci a lokaci guda: sitokurom b ne ginshiƙin da ake harhaɗa sauran a kansa, idan babu shi ba su da wurin zama.

Kowace ƙwayar jiki na ɗauke da kwafin wannan DNA da yawa, kuma ba dole su zama iri ɗaya ba. Da suka ware zaruruwan tsokarta ɗaya bayan ɗaya, waɗanda tasharsu ta uku ke nan da sauran rai suna ɗauke da gurɓataccen kwafi kamar kashi 33 cikin 100, yagaggun jajayen kuwa kashi 89. Ke nan layin da zoben Chance ya ɗauko gaurayen muryoyi ne, na zaruruwan da suka kusa mutuwa da na waɗanda ke ɗauke da nauyin sauran. An samu kuskuren har a saiwar gashinta, abin da ya nuna ya faru tun farkon halittarta a ciki, ko ma a ƙwan mahaifiyarta. A tsoka gaba ɗaya gurɓataccen kwafin ya kai kashi 87 cikin 100. A jini, inda aka saba fara neman irin wannan kuskure, kashi 0.7 ne.